A bar wa agogo aikin rufe bakin waya

Jama'a, akwai maganar da na daɗe ina so mu yi, da mu mazauna nan Saudiyya da 'yan uwa na gida masu kiranmu. Ni a ganina, duk mai waya ya kamata ya ware mata lokutan da za ta kama bakinta a kowace rana, kuma ya damƙa wa agogo wannan aiki, kada ya ce zai riƙa tunawa da kansa. Na san akwai mai cewa girman kai ne, an zo Makka an ga riyal an fara zaɓen kiran da za a ɗauka. Ku bari dai in kai aya.

Bambancin agogo tsakanin Makka da Kano awa 2 ne, haka ma Yamai da Damagaram. Da Sudan kuwa awa 1. Kowa ya san wannan a baki, amma idan mutum ya ɗauki waya agogon bangon ɗakinsa yake kallo. Ɗan uwa ya ci tuwo, ya zauna a majalisa, hira ta yi daɗi, wajen ƙarfe 11 na dare sai ka faɗo masa a rai, ya ce bari ya ji lafiyar Alhaji. A nan Makka, a unguwar Misfala ko Shara Mansur, ƙarfe 1 ne. Wanda ake kira direba ne da zai tashi kafin asuba ya kwashi masu Umra zuwa filin jirgin Jidda, ko baiwar Allah ce da ta wuni a tsaye a gidan aikatau. Kuma abin ba ya tsayawa a mutum ɗaya, don da yawanmu ɗaki guda muke kwana mu huɗu mu biyar. Waya ɗaya ta yi ruri, ɗaki duka ya tashi. Aka ɗauka cikin faɗuwar gaba, ana tsammanin rasuwa aka yi, sai ka ji: "Dama gaisuwa ce, ya ibada?"

Daga wannan ɓangaren ma ana yi. Alhaji ya idar da asuba a Harami wajen ƙarfe 5 da rabi, daɗi ya kama shi, ya danna kiran bidiyo zai nuna wa Hajiya Ka'aba. A Katsina 3 da rabi ne na dare. Niyya mai kyau ce, amma barcin da aka katse ya riga ya katsu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne addininmu ya riga ya tsara wannan tun kafin a san waya. A Suratun Nur, aya ta 58, an ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shigo wa mutum: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana, da bayan sallar isha'i. A surar dai, aya ta 28, an ce idan aka ce muku ku koma, to ku koma. Ga hadisin Abu Musa al-Ash'ari da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya. To kiran waya sallama ce a ƙofar gida. Mai gida yana da damar amsawa, yana da damar ƙin amsawa, kuma ba lallai ne ya kawo maka hujja ba. Yaya aka yi wanda ba zai iya buga maka ƙofa ƙarfe 1 na dare ba yake jera maka kira goma, har da safe ya yi fushi wai ba ka ɗauka ba?

Damuwar ma ba ta yau ba ce. Tun da Alexander Graham Bell ya yi rajistar wayar tarho a Amurka a 1876, mataimakinsa Thomas Watson kuma ya ƙera mata ƙararrawa, mutane suka gane sun shigo da wani abu cikin gida da kowa zai iya kaɗa shi daga nesa. Waɗanda suka riski wayar NITEL ta kan tebur za su tuna ƙararta. A cikinta akwai ƙwaryar ƙarfe biyu da ɗan guduma a tsakani. Idan aka kira ka, cibiyar haɗa layi ce ke turo wuta mai ƙarfi ta cikin layin, a Amurka kusan bolt 90, tana kai da komo sau 20 a sakan ɗaya, sai guduman ya riƙa dukan wannan ƙwarya yana dukan waccan. Ba ta da batirin da za ka cire, ko an ɗauke wutar gari tana nan tana yi. Masu son barci sai dai su danne ta da filo, ko su sauke kan su ajiye a gefe, wanda hakan ke sa duk mai kira ya ji layi a cike.

Daga nan masu dabara suka lura cewa hanyar wutar ƙararrawa daban take da hanyar magana. Idan ka yanke zaren da ke zuwa ƙararrawar kawai, ka sa makunni a wurin, waya na nan lafiya lau, kana iya kira, ita ce dai ba za ta yi kuka ba. Sai aka ɗaura makunnin a jikin agogo: faifai ne mai zagayawa sau ɗaya a awa 24, da 'yan ƙusoshi a gefensa, ka kafa ɗaya a 10 na dare, ɗaya a 6 na safe. Ta farko ta zo ta ture makunni ya katse, ta biyu ta zo ta mayar da shi. Irin na'urar ce har yau ake sa wa fitilun allon shago da hitar ruwa, kuna ganinta a shagunan kayan wuta. Mai kira kuwa ba ya sanin komai, don ƙarar da yake ji a kunnensa daga cibiya take fitowa, ba daga gidanka ba. Kuma ba kowa ya samu yin hakan cikin sauƙi ba, domin a Amurka kamfanin waya ne ke da mallakar kan wayar da ke ɗakinka, ya kuma hana a jona mata wani abu na waje, sai da hukuncin hukumar sadarwar ƙasar na 1968, da ake kira Carterfone, ya buɗe ƙofa.

Abin da magabata suka yi da ƙusa da faifai, yau yana cikin aljihun kowannenmu kyauta. Tsofaffin Nokia ma suna da shi, kana iya sa shiru ka ce ya ƙare ƙarfe kaza. iPhone ta kawo saitin "kar a dame ni" mai alamar jinjirin wata a 2012, Android ta biyo da nata a 2014 da 2015. Ka zaɓi lokacin farawa da na gamawa da ranaku, shi ke nan. Amma zagaya majalisar 'yan uwanmu a unguwar Jarwal ta Makka ko Karantina ta Jidda ka tambayi mutum goma, ka ga nawa ne suka taɓa buɗe wurin.

Wani zai ce ai yana sa tasa a sailan da hannunsa, meye na agogo? Nan ne nake ganin ba a fahimci amfanin abin ba. Sa waya shiru ba shi ne wahala ba, mayar da ita ce. Mutum ya shiga azahar ya kashe ƙara, ya fito ya manta, sai bayan magariba ya duba ya tarar da kira bakwai, ciki har da na kafili (ubangidan da ke ɗauke da nauyin zamansa a ƙasar) da na mai kayan da ya gaji ya ba wani. Gobe sai ya ce ba zai ƙara ba, ya shiga masallaci da ita a buɗe. Shi ya sa har yanzu liman na cikin karatu za ka ji waƙa ta tashi daga aljihun wani dattijo, shi kuma kunya ta hana shi motsi, ya bar ta har ta gaji ta katse ta sake farawa. (Malam, sa hannu ka kashe, malamai sun ce ɗan wannan motsi ba ya ɓata salla, kuma ya fi ka shagaltar da sahu guda.) Agogo ba ya mantuwa ta kowane ɓangare: yana rufe bakin, yana kuma buɗe shi. A lokacin aikin Hajji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwa ta ɓace wa 'yan tawagarta a Mina ko a hanyar Jamrat, ana ta kira, wayar na cikin jaka a sailan tun sallar asuba. Da agogo ne ya rufe ta, da tuni ya buɗe.

Sai dai akwai inda agogo ke gazawa, kuma gara a faɗa. Salla rana take bi, agogo kuwa lamba yake bi. A Makka ana kiran asuba wajen ƙarfe 4:10 a watan Yuni, a Janairu kuwa sai wajen 5:40. Magariba a ƙarshen Nuwamba tana faɗuwa wajen 5:40 na yamma, a farkon Yuli sai ta wuce ƙarfe 7. Isha'i a kalandar Saudiyya ta Ummul Ƙura minti 90 ce bayan magariba, da azumi ta koma minti 120. Azahar ce kaɗai ba ta nisa, ita ma tana yawo na kusan rabin awa a shekara. Wanda ya kafa lokaci a hunturu ya manta, da zafi wayarsa za ta yi shiru yana cin abinci, ta yi ruri yana sujada. Maganinsa ɗayan biyu ne: ko ka riƙa gyarawa duk farkon wata, ko ka nemi manhajar lokutan salla mai sa waya shiru da kanta bayan kiran salla, akwai su a Android. Kuma masu salla a Harami, nan ko Madina, ku ƙara mintuna, don kusan kowace farilla ana bin ta da sallar gawa.

Na'ura ma takan yi nata kuskuren. A ranar 1 ga Janairu 2013 saitin shirun iPhone ya maƙale ya ƙi buɗewa da safe, mutane da yawa suka wuni ba su san ana kiransu ba, sai bayan mako guda abin ya daidaita. Don haka a riƙa leƙawa.

Yanzu babbar hujjar masu ƙin wannan ra'ayi, wadda ni ma nake girmamawa: mu baƙi ne, iyayenmu na nesa. Wa zai yarda a neme shi cikin dare kan jikin mahaifiyarsa ya tsananta, shi yana can yana minshari? Gaskiya ne, kuma a nan wayar zamani ta fi tsohon faifai, wanda bai san muryar uwa da ta mai neman bashi ba, kowa rufe masa yake. Yanzu kana iya ware lambobi ka sa musu tauraro, su ko yaushe suka kira za ta yi ƙara. Lambar Inna, ta Baba, ta uwargida, da ta ɗan uwa ɗaya wanda ka san shi ake fara sanarwa idan wani abu ya faru. Akwai kuma saitin maimaita kira: a iPhone wanda ya sake kira cikin minti 3 zai shigo, a Android cikin minti 15. Wannan na biyun sai ka auna mutanenka, don akwai wanda jera kira uku al'adarsa ce ko da tambayar farashin dabino zai yi. Ƙararrawar tashi asuba kuwa tana bugawa yadda ka sa ta, shirun bai shafe ta ba.

Akwai waɗanda ban sa su cikin wannan magana ba. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan da ke nan, masu dangi a Khartum da Jazira da Sinnar, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 da yawansu ba su da zaɓi. Sabis na zuwa lokacin da ya ga dama, lambar da za a kira ka da ita ma sau da yawa ta aro ce. Wannan ko ƙarfe nawa ne sai ya ɗauka, Allah ya kawo musu ƙarshen abin. Haka direban gida da mai aikatau da madam ke iya nema kowane lokaci, ba zan zauna a bayan allo in ce su rufe waya su rasa abincinsu ba. A Faransa tun 2017 doka ta tanadi haƙƙin ma'aikaci na rabuwa da saƙonnin aiki bayan an tashi. Mu nan sai dai mu roƙi masu ɗaukar aiki, musamman Hausawa 'yan uwanmu da Allah ya buɗa wa suke da yara a ƙarƙashinsu, su ji tsoron Allah. Aikin gobe da safe a turo shi a saƙo, ba sai an tashi yaro tsakar dare ba.

Ga na gida kuma, roƙona ƙarami ne. Kafin ka danna kira, ƙara awa 2 a kan agogonka. In ya wuce 11, tura saƙon murya, zai jira har safe ba tare da ya lalace ba. In ka kira aka yi shiru, ka kyautata zato, ba a raina ka ba. Da azumi kuma lissafin juyewa yake, don garin nan ba ya barci da dare: tsakar dare ka same mu ido biyu, ƙarfe 9 na safe kuwa ka kira gawa.

Tawa dai ga yadda na tsara ta, don kada wani ya ce ban faɗa ba. Daga 11 na dare zuwa asuba shiru take, wato daga 9 agogon Najeriya da Nijar. Tana sake yin shiru daga azahar zuwa ƙarfe 3, ranar Juma'a kuma tun daga 11 na safe har a sauko. Wanda ke da larura ta gaske ya kira sau biyu a jere, za ta shigo. Mai gaisuwa kuma ya bari sai bayan la'asar ɗinmu, lokacin ku kun idar da azahar, in sha Allahu zan ɗauka mu gaisa a tsanake.