Sun fice daga ECOWAS, an bar mu da tsada da wake mai fiya-fiya

Tun daga ranar 29 ga Janairun 2025, lokacin da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS, ta tabbata, da wuya ka zauna a wata majalisa a Daura ba ka tarar da mutane sun rabu gida biyu ba. Wasu suna jinjina wa sojojin Yamai, suna cewa sun fatattaki Faransa sun ƙwato wa ƙasarsu martaba, wasu kuma suna cewa mulkin soja bai taɓa kai kowa tudun mun tsira ba, kuma duk wanda ya bar dangi zai yi kuka da idonsa. Ana wannan musu a rediyo, ana yin sa a Facebook har da zage-zage. Ni kam na gaji da shi, domin duka ɓangarorin biyu sun ƙi taɓa abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato abincin da muke saya kullum ya yi tsadar da ta fi ƙarfin magidanci, sannan babu wani mahaluki da ke duba ko abin da aka auna mana a tiya ya dace ɗan Adam ya ci.

Wanda ke zaune a Abuja yana iya ɗaukar Nijar a matsayin wata ƙasa can mai nisa. Mu a nan ba mu da wannan damar. Daga Daura mutum zai kai Kwangwalam kafin shayin da ya sha ya bi jikinsa, daga nan sai Matamaye sai Damagaram. Ta Ɓaure da Babban Mutum ana faɗawa Magarya, ta Jibiya kuma ana shiga Ɗan Isa da Maraɗi, garin da zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe suka zauna bayan jihadi, wanda har yau sarkinsa Sarkin Katsina ake ce masa. Ingila da Faransa ne suka zauna suka shata wannan layi ba tare da sun tambayi kakanninmu ba, kuma layin bai hana auratayya ba, bai hana kasuwa ci ba. Daga can ake kawo mana wake da aya da dabino da kanwa da albasa da raguna da raƙuma, daga nan kuma masara da garin kwaki da doya da kayan masarufi suke tafiya. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'aduwa ya san cewa idan aka cire mutanen ƙetare, to rabin karar dabbobi ta watse. Saboda haka duk lokacin da manya suka yi fushi da juna suka rufe ƙofa, a tukunyarmu ake fara jin ɗumin abin.

Bari in fara da namu, domin laifinsu ya fi tsufa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari namu, ta rufe iyakokin ƙasa da sunan hana shigo da shinkafa 'yar waje. Aka biyo baya da dokar hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, wadda ta mayar da mutanen ƙauyukanmu masu laifi a kan galan ɗaya na injin ban ruwa. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma Jibiya sai da ta jira har Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Kwana huɗu kacal bayan haka shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, suka rufe iyaka, suka ba sojoji wa'adin mako ɗaya tare da barazanar yaƙi, Najeriya kuma ta yanke wa Nijar wutar lantarki. An yi duk wannan ne wata biyu bayan cire tallafin man fetur, a tsakiyar damina, lokacin da rumbun talaka ya riga ya yi ƙasa. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu, direbobi da yaran mota suka cinye guzurinsu suka koma roƙo. Sanatocin Arewa da malamai da sarakuna sun yi magana, kuma Allah ya sa ba a yi yaƙin ba, amma takunkumin ya zauna har 24 ga Fabrairun 2024, iyaka kuma ba ta buɗe ba sai cikin Maris. Me aka samu? Bazoum bai koma kan kujerarsa ba, ƙasashen uku sun sanar da ficewarsu tun 28 ga Janairun 2024, kuma a tsakiyar 2024 ɗin hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ba takunkumin kaɗai ya jawo haka ba, amma a nan bakin iyaka shi ne ya ƙara wa wutar fetur.

Masu yi wa shugaban mulkin sojan Nijar Janar Abdourahamane Tiani kirari kuma su saurara, domin su ma ban ƙyale su ba. A watan Oktoban 2024 gwamnatinsa ta haramta fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Ke nan mutumin Bamako, wanda ke da nisan kwanaki a mota, ya halatta ya ci waken Magarya, amma surukin manomin da ke Zango bai halatta ba. A Maris na 2025 ƙawancen ƙasashen ukun nan, wato AES, ya ɗora harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigo da su daga waje, sannan gab da babbar sallar 2025 ɗin Nijar ta hana fitar da dabbobi, ragon layya ya gagari mutane da yawa a nan, makiyayin can kuma ya rasa kasuwar da ta saba biyansa da daraja. Kowace gwamnati tana da haƙƙin kare cikin mutanenta, ban musa ba. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a riƙa cika mana kunne da zancen 'yan'uwantaka da makwabtaka alhali hannu yana kan sakata.

Ga abin da masu sa hannu a takardu ba su sani ba, ko kuma suka sani suka kau da kai. Iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal da gonaki, ba ta rufuwa. Abin da ake rufewa shi ne hanyar halal. Da zarar an sa shinge a kan kwalta, kaya sai su koma ɓarauniyar hanya, a kan babura da amalanke da tsofaffin motocin da aka cire wa kujeru, 'yan fito su ninka ladansu, kuma duk sisin da aka kashe a daji a kan mudun mai saye yake sauka. Wanda ya bi kwaltar ma bai tsira ba. Na sha hawa motar haya a kan hanyoyin nan ranar kasuwa, kuma abin da ido ke gani ya isa ya sa mutum hawan jini. Ba a gama sa giya ta uku ba sai ga wani shinge, itace da ƙusoshi da tsohuwar taya. Direba ya riga ya jera canji a tsakanin yatsunsa tun daga tasha. Ya rage gudu, ya ce, “Yallaɓai, barka da aiki,” hannu ya haɗu da hannu, a janye itace. Ban taɓa ganin an kwance bakin buhu an shinshina abin da ke ciki ba, ban taɓa ganin an ɗaga jarkar mai an duba ko na ci ne ko na shafa wa inji ba. Ana ƙirga buhuna ne kawai domin a san nawa za a karɓa. Idan har an sauke kaya, to ciniki ne bai faɗa ba.

A nan ne tsada ta haɗu da guba. Kowa ya san wake ba ya ajiyuwa, ƙwari suna huda shi cikin 'yan watanni. Idan farashi yana hawa kullum, kuma ba a san ranar da za a buɗe hanya ko a sake rufe ta ba, ɗan kasuwa sai ya ƙara tsawon ajiya, idan ya ƙara ajiya kuma sai ya ƙara magani. Maganin nan shi ne fiya-fiya, wanda aka yi domin feshin gona da kashe ƙwari, ba domin a kwarara a kan abin da yara za su ci ba. Na taɓa tsayawa gaban wani mai awo, waken nasa fari tas, babu huda ko ɗaya, ko ƙuda ba ya sauka a kai. Na damƙo na kai hanci, warin ya daki ƙwaƙwalwata. Na ce, “Alhaji, wannan ai da magani.” Ko gezau bai yi ba, ya ce, “Malam, wa zai ajiye wake har bazara babu magani? A shanya shi a rana, a wanke da ruwan zafi, shi ke nan.” Wannan ita ce duk ƙa'idar ingancin abinci da ta rage mana: a shanya, a wanke, a yi bismillah. Mai ƙosai da mai alale da mai ɗanwake da ke ƙofar makarantun firamare daga irin wannan buhu suke awo, kuma ba su da lokacin shanya komai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duniya ta riga ta gaya mana. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an riƙa samun wannan sinadari a cikinsa fiye da ƙima nesa ba kusa ba, kuma ta yi ta tsawaita haramcin. Waken da Bature ya ce ba zai shiga ƙasarsa ba bai ɓace ba, mu muke cinye shi. A 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna, amma ga su nan a kan faifai, kusa da ashana da maganin sauro, yaro ma zai saya. Daga kasuwanninmu ake ɗaukar su a ƙetara da su, sannan su dawo mana a jikin wake. Kuma ba a rasa mafita ba. Akwai buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke toshe iska ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba, an kuma gwada shi a yankunan nan namu da na Nijar shekara da shekaru. Da kuɗin da aka kashe a tarurrukan barazanar yaƙi an saya wa manoma shi, da an yi abin kirki.

Wake ne na fi daɗewa a kansa domin shi ne naman talaka, amma ba shi kaɗai ba ne. Ana nuna mangwaro da ayaba da sinadarin da masu walda ke aiki da shi. Ana juye tsohuwar shinkafa da ta shekara a sito a cikin sabon buhu. Ana ɗura man girki a jarkokin da babu suna babu kwanan wata. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, waɗanda likitoci suka tabbatar gubarsu tana lalata hanta, ana niƙe su a yi ƙuliƙuli da gari. Ba ficewar Nijar ce ta haifi wannan ɓarna ba, ta girme ta. Amma abinci ɗaya muke ci da mutanen Maraɗi da Damagaram, kuma ba za a iya tsaftace shi daga gefe ɗaya ba. Teburin da ya kamata a zauna a kai a yarda da magungunan da aka halatta da yadda za a riƙa gwada kaya, shi ne aka ture aka tashi.

Lokacin da Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar barin Tarayyar Turai a 2016, kafin ta fita a Janairun 2020, 'yan majalisarta da jaridunta sun shafe shekaru suna ka-ce-na-ce a kan ko za a bar kajin Amurka da ake wankewa da sinadarin kulorin su shiga kantunansu. Ko mutum ya ga sun kyauta da suka fita ko bai gani ba, aƙalla sun tambayi abin da zai shiga bakinsu. Mu ƙasashe uku sun bar ƙungiyar da aka kafa tun 1975, an yi jawabai, an yi zanga-zanga, Yamai ta zargi Abuja da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta, amma ban ji wani ɗan takara ko ɗan majalisa da ya tashi ya yi maganar wa zai duba buhu ba.

Yanzu a kan me muke tafiya? ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a kuma bar kayansu su wuce bisa tsohon tsari har sai an ji wata sanarwa. Ɗan kasuwa ba ya zuba jari a kan “har sai an ji sanarwa,” kuma wanda ke riƙe da itacen shinge ba ya karanta sanarwar kowa. Ga layin dogo ana shimfiɗawa daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, aikin da aka ƙaddamar a 2021, alhali ba a ma daidaita a kan ko buhun gero zai iya ƙetarewa ba. Akwai hukumar haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Nijar tun 1971, wadda ta girmi ECOWAS ɗin kanta, kuma ficewa ba ta shafe ta ba. A tashe ta daga barci. Gwamnan Katsina da na Jigawa su zauna da hukumomin Maraɗi da Damagaram a fitar da jerin kayan abincin da za su wuce da kuɗin da za a biya, a rubuta da Hausa a manna a Jibiya da Kwangwalam da Babban Mutum, kowa ya gani. A kwashe shingayen da suka yi yawa, a bar kaɗan, a ajiye musu ma'aikatan da suka san aikin gwajin abinci tare da kayan aikinsu. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan hatsi kuma, waɗanda suka san kowane sito da mai shi, su daina yin kamar hancinsu ya toshe. Wanda aka kama ya zuba fiya-fiya a wake a ƙone kayansa a bainar jama'a ranar da kasuwa ta cika, a kuma kai shi kotu.