Kallon lissafi ba iya lissafi ba ne

Ƙannena 'yan aji ɗaya da aji biyu masu karatun kimiyya da injiniya a Jami'ar Jos, ku yi haƙuri, yau da ku nake. Abin da ke kayar da yawancinku a lissafi da fiziks ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ba ne, kuma ba kullum ne laifin lakcara ba. Kun mayar da karatu kallo.

Ku leƙa ajin karatun dare a harabar jami'ar da ke Naraguta lokacin hunturu. Yaro ya ƙudundune cikin rigar sanyi, hula har kunne, waya a hannu, wani Ba'indiye na warware tambayar dokar Kirchhoff ta da'irar wutar lantarki a YouTube. Sai gyaɗa kai yake, komai ya shiga. To karɓe wayar, ka miƙa masa takarda da biro ka ce ya sake yin wannan tambayar dai. Zai zana da'irar tsaf, ya sa kibiyoyi, ya zo layi na uku ya tsaya yana cizon biro, don bai san inda alamar ragi za ta zauna ba. A bidiyo wani ne ya yanke masa wannan shawarar, shi bai ma lura an yanke ta ba.

Abin haushi, mu ya kamata mu fi kowa sanin wannan. A makarantar allo ba a wanke allo sai ka kife shi ka kawo da ka, kuma tilawa ba ta yankewa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi gudu jim kaɗan bayan an koyi abu, maimaici jefi-jefi ne ke tsare shi. Amma mu sai mu tara karatun zango guda, mu kwana a aji saura kwana uku jarrabawa, da kofi da goro, mu shiga zaure ido ja wur.

Kayan karatu kuwa ba su ne matsalar ba. Littafin lissafin injiniya na Stroud, wanda ya fara fitowa a 1970, an tsara shi ne mataki-mataki, yana tambayarka kafin ya ba ka amsa. Rufe amsar da tafin hannu, in ba haka ba ka ɓata kuɗin fotokwafi. Jami'ar MIT ta Amurka ta zuba darussanta kyauta a intanet, har da tambayoyin gwaji, sai dai kowa bidiyon yake saukewa ya bar tambayoyin.

Tsofaffin tambayoyin jarrabawa ma ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari, amma da agogo a gabanka, littafi a rufe. Wanda ya haddace amsar bara, da zarar malam ya mayar da 5 ta koma 8 shi ke nan, sai kallon silin.

Rukunin karatu kada ya wuce mutum huɗu, kowa ya tashi gaban allo ya yi bayani. In hira ta koma kan Arsenal, tattara ka tafi ɗaki.

Kuma don Allah in za ka je wajen lakcara, kar ka ce masa "Malam, ban gane komai ba." Ba shi da abin yi da wannan. Tafi da takardar da ka yi fama da ita, da gogen da komai, ka ɗora yatsa a kan layin da ka maƙale.