Masu mastas kan koyar da Turanci, ku shiga aji mana

Jiya da daddare ƙanwata da ke mastas a fannin horar da malaman Turanci ta turo min taken kundinta in duba mata. Ina karantawa na ji kamar na taɓa ganinsa sau ɗari: ra'ayin malamai kan amfani da kayan koyarwa a wasu zaɓaɓɓun makarantun sakandare. Na ce mata, "Aji nawa za ki shiga?" Ta ce, "Yaya, ai ba sai na shiga ba, takardar tambayoyi zan raba." Ban yi mata dariya ba, domin ni ma da haka na fara nawa.

Duk wanda ya bi ta tsangayar ilimi ya san yadda ake yi. Babi biyar ne. A na biyu a jero manyan masana irin su Chomsky da Krashen da Vygotsky, ko sun dace da aikin ko ba su dace ba. Sai a buga takarda mai gurabe huɗu, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba", a kai wa malamai ofis lokacin tara. Su cike a tsaitsaye, wani ma ya cike wa abokinsa da ya tafi banki. A kwashi takardun a kai wa mai SPSS, manhajar lissafin bincike, a shagon kwamfuta ya fitar da alƙaluma, a yi wa kundi bango mai kauri, a ajiye a laburare ƙura ta samu wurin kwana. An rubuta shafi ɗari da wani abu kan koyar da Turanci, ba a ji muryar ɗalibi ko ɗaya ba.

A tawa takardar akwai tambayar ko malami da Turanci zalla yake darasinsa. Kusan kowa ya ce ya yarda ƙwarai. Na kai wa malamar da ke duba aikina ina murna, ta duba ta ajiye biro ta ce, "Malam, kai ba a makarantar gwamnati ka yi ba? Ka taɓa ganin haka? Je ka zauna a bayan aji, ka dawo mu yi magana." Allah ya saka mata da alheri, duk da a ranar raina ya ɓaci.

Zango guda na yi ina zama a bencin baya na 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Malami ya karanta jimla, ya fassara da Hausa, yara su maimaita da ƙarfi. "Kun gane?" "Eeeh!" Ba ƙarya malaman nan suka yi min da gangan ba. Amsar da suke ba sufeto suka ba ni, tunda a kwaleji an koya musu cewa sa Hausa a darasin Turanci abin kunya ne.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne malamin da ya fi kowa iya koyarwa a cikinsu ya fi kowa amfani da Hausa, amma da lissafi. Ya san Hausa ba ta bambanta p da f, don haka yaro ke cewa "fan" yana nufin "pan". Sai ya yago 'yar takarda, kowane yaro ya riƙe a gaban leɓensa, ya ga sautin da ke kaɗa ta. Ya san bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa "screwdriver" ta zama sukundireba, kuma da wannan kalmar ya fara darasin, aji ya kwashe da dariya, darasin kuma ya zauna. Da ya zo kan "he" da "she" cewa ya yi, "Ku wannan gado kuka yi, shi da ita ne," alhali Yarbanci da Ibo ba su da wannan rabon. A ajin da ke kusa kuwa, wani na yin Hausa ne don nasa Turancin ba zai kai shi ƙarshen minti arba'in ba. A takardar tambayoyina su biyun gurbi ɗaya suka cika. Ina amfanin binciken da bai iya raba waɗannan mutum biyu ba?

Kuma ba ƙaramar magana ba ce. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara firamare da harshen uwa kafin a koma Turanci. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara 6 a Ife. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, sama da 21,000 suka faɗi, aka yi ta cacar baki. Duk wannan muhawarar ana yin ta ne a saman tebur. Wa ya rubuta mana abin da mai NCE yake yi da bakinsa a gaban yara ɗari, da dabarar da aka tsara don ajin mutum ashirin? Masu mastas ɗin nan ne ya kamata, kuma da yawansu kwalejojin ilimi za su koma su horar da wasu.

Na san uzurin, na ɗanɗana shi. Neman izinin shiga makaranta kaɗai sai ya ci maka makonni. Darasi ɗaya da ka naɗa sai ka yini kana kwafe shi, ga hayaniyar yara, ga wuta babu. Wanda yajin aikin ASUU na wata 8 a 2022 ya rutsa da shi, so yake kawai ya gama ya huta. Ranar kare kundi kuma wani daga cikin malaman ya juya nawa gaba da baya ya ce, "To ina alƙaluman?" A wurinsa duk abin da ba a lissafa ba hira ce. Sai da malamata ta sa baki. Saboda haka ba ɗalibai kaɗai nake wa magana ba, har da masu zama a wancan gefen teburin.

Na ce wa ƙanwata ba sai ta yar da takardarta ba. Ta raba, amma ta zaɓi malamai uku daga cikin waɗanda suka cike, ta nemi yardarsu da ta shugaban makaranta, ta naɗi darasinsu da waya, sannan ta ajiye abin da suka rubuta kusa da abin da suka yi. Ta yi shiru, har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce, "To Yaya, sai dai ka ara min wayarka, tawa ba ta riƙe caji."