Ba Inji Ke Ɗaga Jirgin Ba

Wanda ya ga jirgin ruwa yana hawa tudu a Farmers Bridge, wani sashe na hanyar ruwa da aka haƙa a tsakiyar Birmingham a Ingila, yakan ɗauka inji ke ɗaga shi. Ba haka ba ne. Ɗakunan ruwa 13 ne jere kamar matakala. Jirgi ya shiga ɗaya, a rufe ƙofar baya, a murɗa ƙarfe da hannu, 'yar kafa ta buɗe. Ruwan da ke ɓangaren sama ya gangaro da kansa ya cika ɗakin, jirgi ya taso. Tun 1789 haka ake yi. Abin da ya fi burge ni, ƙofar gaba ba ta buɗuwa sai ruwan ɓangarorin biyu ya daidaita. Can sama, a Cambrian Wharf, masu jirage ke ɗaurewa su ɗebi ruwan sha.