Tsohon sojan da ya ce "lafiya lau" shi ke asarar diyyarsa

A Amurka, Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wato VA, tana auna ciwon firgici na PTSD da ciwon damuwa a matakai shida: kashi 0, 10, 30, 50, 70 da 100. Ko mutum na fama da duka biyun, mataki ɗaya ake ba shi, domin doka ta hana a biya alamar ciwo ɗaya sau biyu. Abin da ake aunawa shi ne yadda ciwon ya gurgunta aikinsa da zamansa da mutane, kuma gwargwadon matakin ake biyansa diyya.

Kashi 30 na mai rashin barci ne da zargin mutane, mai firgita sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka. A kashi 70 ana duba tunanin kashe kai, barin tsafta da kasa riƙe zumunci. Kashi 100 sai wanda ya durƙushe gaba ɗaya, har yana manta sunayen 'yan'uwansa. A 2024, marar iyali mai kashi 70 na karɓar dala 1,716 a wata, mai kashi 100 kuwa dala 3,737.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar ganin likitan da VA ta sa ya auna ciwon. Sojan da aka horar da shi ya haɗiye ciwo zai aske gemu, ya goge riga, a tambaye shi ya jiki ya ce lafiya lau. Ba zai faɗi cewa a kujera yake kwana yana fuskantar ƙofa ba. Likita ya rubuta tsaf yake, aka ba shi kashi 30. Haƙurinsa ne ya cuce shi, kuma wannan zalunci ne.

Mai nema ya bayyana ranarsa mafi muni, ya haɗa da rubutacciyar shaidar matarsa, ta abokan bataliyarsa, da takardun fashin aiki. A shari'ar Bankhead ta 2017 kotu ta ce tunanin kashe kai kaɗai na iya kaiwa kashi 70, ko babu shirin aikatawa. Mai kashi 70 da ya kasa riƙe aiki na iya neman a biya shi kuɗin kashi 100. Ɗaukaka ƙara kuma cikin shekara ɗaya ne bayan VA ta yanke hukunci.

Amma bai dace duk nauyin ya hau kan marar lafiya ba. Ya kamata VA ta wajabta wa likitocinta jin ta bakin wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi kafin su sa hannu.