A bar yara su ji lissafi da kunnensu

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san amon nan na safe: aji guda na rera "biyu sau biyu huɗu" har a tsallaken titi ana ji. Ba na raina wannan hanya, da ita muka haddace. Amma tare yaron ka tambaye shi bakwai sau takwas, sai ka ga ya koma farkon waƙar yana motsa leɓe. Waƙar ta zauna, lissafin bai shiga ba.

A ganina, mun tsaya a bakin ƙofa ne. Lissafin yana cikin kiɗan kansa.

A raba aji gida biyu. Malama na buga tebur a hankali, ɓangare ɗaya ya tafa a kowane bugu na biyu, ɗayan a kowane na uku. Da farko sai ka ji kamar rikici, can sai tafin ya haɗu cak a bugu na 6, ya sake haɗuwa a na 12. Yarinyar da ta saba da gaɗa, ko ta taɓa tsayawa a bakin turmi ana lugude, za ta gane tun kafin a ɗauki alli. Abin da ake wahalar da su da shi a allo ke nan, neman ƙaramar lambar da biyu da uku suke rabawa ba saura.

Haka tsirkiyar gurmi. Danne ta a tsakiya ka kaɗa, sautin ya siranta, domin rawar tsirkiyar ta ninka. Danne ka bar kashi biyu cikin uku, wani sautin mai daɗi ya fito. Rabi da sulusi ke nan a kunne. Ana jingina gano wannan ga Fitagoras, masanin lissafi na ƙasar Girka, shekaru kusan 2,500 da suka wuce.

Na san akwai iyayen da ba sa son kiɗa a makaranta, kuma damuwarsu abar girmamawa ce. Sai dai Alfarabi, shahararren masanin falsafa musulmi wanda ya rasu a 950 miladiyya, cikin ilmomin lissafi ya jera ilmin sauti. Kuma ba makaɗi ake nema ba. Tafin hannu, gwangwanin madara da robar ɗaure kuɗi sun isa, ko a makarantar da ba ta da benci.