Na shiga Longshan, amma ba bauta na je yi ba

Wallahi abin ya min ciwo. Hoto ɗaya na ɗora a guruf ɗin gidanmu ina tsaye a ƙofar wurin bautar Longshan da ke unguwar Wanhua a nan Taipei, babban birnin Taiwan, kafin kace me Kawu ya kira wai "kai yanzu har gidan gumaka kake shiga?" Na ce Kawu ku yi haƙuri kallo na je, ko saurarata bai yi ba.

To ga abin da na gani. Wurin tun 1738 yake, mutanen da suka tsallako daga lardin Fujian na China ne suka gina shi, a 1945 jiragen Amurka suka jefa masa bam aka sake ginawa. Rufin duk dodanni ne kala-kala, ga dogayen tebura shaƙe da furanni da ayaba da biskit, tsofaffin mata cikin baƙaƙen riguna suna ta rera karatunsu. A tsakiya gunkin Guanyin, can baya gunkin Mazu ta masu shiga teku, gefe guda gunkin Wenchang inda ɗalibai ke ajiye kwafin katin jarrabawa, sai wani tsoho Yue Lao da masu neman aure ke layi gabansa su ɗauki jan zare. Ko'ina ƙwal-ƙwal kake ji, wasu jajayen katakai ne guda biyu masu siffar jinjirin wata, mutum ya yi tambayarsa ya watsa su ƙasa, in ɗaya ya kife ɗaya ya kwanta rigingine to an amsa masa. Turaren tsinke ma sun daina kunnawa tun 2020.

Ni Musulmi ne, shirka shirka ce, ban ce suna kan daidai ba. Amma tsakani da Allah bugun ƙasa fa? Mutum nawa ke laɓaɓawa wajen boka da daddare saboda kishiya ko kujera, gari ya waye yana sahun gaba? Su da rana tsaka suke nasu, kuma a ciki ba wanda ya ce in rusuna, ba wanda ya roƙe ni ko sisi.

Kuma ni fa duk Juma'ar da na samu dama jirgin ƙasa nake hawa zuwa babban masallacin Taipei da ke Da'an, wanda aka buɗe a 1960, in bi sahu da 'yan Indonesiya, da azumi in sha ruwa ni kaɗai ba kunu ba ƙosai, naman halal sai na yi tafiya, kiran sallah sai dai a waya. Bana ma da wuya in zo gida Sallah, kuɗin jirgi ya fi ƙarfina, ga Hajiya kullum sai ta tambaya yaushe zan zo.